Dabinai Bakwai na Lambun Sarki

Ƙurban, Madina.

Zuwa ga 'yata Afnan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdussamad da jikata Sundus. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, ya sassauta muku sanyin Faransa. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta koma zuwa masallacin Ƙuba da ƙafa ranar Asabar. Ƙanenki Hafizu ya samu aiki a shagon gyaran waya a Anbariyya, in ya dawo gida sai ya yi ta zuba mana Larabci kamar mu baƙinsa ne. Ni kuwa ina nan gonar da ke unguwar Awali, bayana yana ciwo, dabino kuma bai san da wannan ba.

Saƙonki ya iso, na saurare shi ya fi sau goma. Tashira, wato biza, ta fito, mai gona kuma ya sa hannu a takardar fita da dawowa ba tare da ja-in-ja ba. Shekara talatin da ɗaya ina hawa masa dabino bai taɓa tambayar sunan garinmu ba, amma wannan karon ya kyauta, ba zan ɓoye ba. Na ji duk shirin da kika yi na kai ni fadar Versailles, wadda nake ce muku Barsai. Kin ce ba a buɗe fadar ranar Litinin, shi ya sa kika zaɓi Asabar a watan Satumba, bayan mun gama yankan dabino, ranar da ake sakin ruwa yana feshi sama. Kin ce surukanki za su taso tun daga Lyon, don kin gaya musu mahaifinki ya san lambun lungu-lungu, shi zai yi musu jagora. Sannan kika ce kin duba taswira ba ki ga dabinai bakwai ɗin nan na bakin rijiya ba, inda na ce na yi sallar la'asar, in gaya miki ta wace ƙofa ake bi, don can kike son mu ɗauki hoto.

Ya binti, 'yata, babu wannan ƙofar. Ban taɓa zuwa Barsai ba. Ban taɓa taka ƙasar Faransa ba. Da Hausa na yi miki ƙaryar, shi ya sa nake warware ta da Hausa, ko da za ki sha wuyar karantawa. Na gwada faɗa a waya sau uku, da na ji muryarki sai in koma tambayar Sundus.

Ga yadda abin yake. Ina saurayi a Injamena na yi wa wani Bafaranshe aikin lambu shekara huɗu. A kicin ɗinsa akwai kalanda mai hoton fadar, da shuke-shuken da aka aske kamar da reza, da ruwa miƙe sambal har ƙarshen gani. Ya ce in zai koma gida da ni zai tafi, in ga yadda ake lambu na gaske. Na yarda, har na yi sallama da abokai. Wata safiya na zo aiki na tarar da gida a kulle. Haƙƙina dai bai ci ba, kuma shi ya koya mini riƙon almakashi, amma kalandar ce kaɗai ya bar mini a wurin mai gadi. Kunyar garin ce ta sa na biyo alhazai, ban koma ba.

Kina aji uku kika dawo daga makaranta kina kuka, yara sun ce ubanki takruni ne, baƙo daga Afirka, mai hawan bishiya. Ban sami abin da zan ba ki ba, sai na ce ubanki ya taka lambun sarkin Faransa, su nasu iyayen ina suka taka? Kika share hawaye kika ce in ba ki labari. Hoto guda na sani, ya ƙare cikin minti biyu, ke kuma kullum sai kin ce sai me. Sai na shiga ɗebo miki daga abin da na sani. Rijiyar nan, da dabinai bakwai, da rumman mai jingine da katanga, da kurciyoyin da ke sauka shan ruwa in an buɗe magudana, duk gonar Awali ce. Ni na dasa bakwai ɗin da hannuna shekarar da aka haife ki. Shi ya sa duk roƙon da kuka yi ban taɓa kai ku gonar ba. Na ce muku mai gona ba ya son yara, alhali bawan Allah bai taɓa faɗin haka ba. Wannan ma na ɗora masa, Allah ya yafe mini.

Mahaifiyarki ta sani tun farko. Da ta ji saƙonki sai ta ajiye tsintsiya, ta ce ita ta yi shiru shekara ashirin don ƙaryar ba ta fita daga ɗaki ba, amma ba za ta bari in tsaya gaban surukan 'yarta ina neman rijiya a gidan sarki ba. Na ce ai sai in ce an sare dabinan. Ta ce to in sare nawa na Awali tukuna, in ya so ta yarda. 

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ke na jefa cikin wannan, kin yi alfahari da ni a gaban mutanen da kike jin nauyinsu. Kada ki ɗauki nauyin gaya musu. Ki ce wa Abdussamad ya turo mini lambar mahaifinsa, ni zan kira shi in faɗa masa da bakina kafin su sayi tikitin jirgin ƙasa. In kin ga gara a fasa tafiyar, ba zan ga laifinki ba, zan ce wa mai gona bayana ne ya hana.

In kuwa har yanzu kina so in zo, to a bar Asabar ɗin yadda take. Ina so in ga ta ina suke jawo ruwan nan, da yadda yake tashi sama, don wannan kam aikina ne, zan gane in na gani. Ki saya mini takalmi mai laushi, an ce wurin da faɗi. Zan taho da kwali guda daga dabinan bakwai, ki ba surukanki, ki ce daga lambun da mahaifinki ya sani ne. Ranar da kika zo Madina kuma zan kai ki, ke da Sundus, ku zauna a bakin rijiyar.

Ki gaishe da Abdussamad da iyayensa, ki shafa mini kan Sundus. Mahaifiyarki Fatna da Hafizu suna gaishe ku, haka ma gwaggonki Zulaiha. Idan Allah ya kai mu ƙofar fadar, ki wuce gaba, ni zan biyo ki a baya.

Wassalam. Mahaifinki mai neman afuwarki,
Ja'afaru Ɗanlami