Tokar da ke Kicin ɗin Iya Opal

Yaya Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka?

Na samu gida a nan Dayton, ciki biyu da ɗan fili, dala dubu ɗari da hamsin. Dubu sha biyar ɗin da na tara zan bayar, banki ya cika sauran. Na lissafa, ɗari takwas da hamsin ne a wata, bai ma kai kuɗin hayata ba. Na daɗe ina kallon lambar nan. Ni mai tuƙa motar 'yan makaranta, a ce ga gida da sunana? Duba mini kafin Juma'a.

Ƙanwarka,
Darlene

Auta,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi.

Har yau lissafinki na 'yan firamare ne. Ina harajin gida? Ɗari biyu da hamsin. Inshora, ɗari da goma. Tunda abin da za ki ajiye bai kai kashi ashirin ba, banki zai ɗora miki tasa inshorar, saba'in. Dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin ke nan duk wata, har shekara talatin. Albashinki ba zai ɗauka ba. Kuma ranar da za ki gama, kina da shekara tamanin da biyu. Ki haƙura.

Yayanki,
Wendell

Yaya,

Ina gaisuwa, duk da ka sa ni kuka.

Na je in faɗa wa mai gidan na janye. Iya Opal sunanta, shekararta casa'in da ɗaya, za ta koma wurin ɗanta. Ta ja ni kicin, ta sauko da wata kwalba mai toka a ciki. Wai tokar takardar bashin gidan ce. Ranar da suka biya na ƙarshe, ita da mijinta suka tara maƙwabta a tsakar gida suka banka mata wuta.

Na ce, "Iya, shekara talatin fa."

Ta ce, "'Yar nan, ko kin saya ko ba ki saya ba, shekarun nan sai sun wuce. Wata ɗari uku da sittin, ban taɓa makara ba, har watan da aka sallami mijina daga aiki."

Na riƙe kwalbar hannu biyu.

Wani kamfani ya taya gidan da kuɗi a hannu, zai zuba 'yan haya. Ta ce gara ta rage mini dubu ashirin, don ɗan haya ba ya ƙona takarda. Ɗanta ya yi ta faɗa a waya, ta ce ai ba shi ya biya ba.

Sake lissafa mini. In ka ce a'a, na bari.

Taka,
Darlene

Auta,

Gaisuwa. Sau uku na lissafa: dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Zai yiwu, da kyar. Sa hannu.

Ranar ƙonawa ina da tamanin da takwas. In ina nan, ni zan ƙyasta ashanar. In ba na nan, kada ki fasa.

Wendell