Zanen da Ya Kwana a Durowa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan. Gwiwata ta yi sauƙi. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce ko kin manta hanyar gidanta ne.

Abin da ya zaunar da ni gaban tafireta shi ne maganar da kika yi mini a waya ranar Talata. Kin san ba na yin magana mai nauyi a waya, don ba ta da kwafi. Kin ce aikin gadar da ma'aikatarku ta sa ki kula da shi ya tsaya. Kin ce ginshiƙai huɗu sun yi gajarta saboda ɗan kwangila ya bi tsohon zane maimakon sabo, ya kwashe injinansa, Daraktanku kuma ya ce sai kotu. Kika faɗi "sai kotu" kamar mai yi mini albishir.

Shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a kotu, don haka ki saurara. Kin san kangon nan na bayan tashar mota, wanda bishiya ta fito ta tagarsa. Ɗakin haihuwa aka so ya zama. Ranar da na fara buga shari'arsa ina da cikinki. Ranar da aka yanke hukunci kina aji shida. Kowane ɓangare ya fito yana cewa shi ya yi nasara, ginin kuwa awaki ne suka gaje shi. Mata suka ci gaba da haihuwa a bayan mota.

Kin bar kwafin yarjejeniyar aikin a kan kabad ɗina da kika zo hutu, na karance shi tas. Sashe na ashirin ya ce kafin kowa ya doshi kotu, akwai kwana ashirin da takwas da za a zauna gaban mai sulhun da ɓangarorin biyu suka zaɓa tun ranar sa hannu. Ke da kika yi digiri ba ki gani ba, sai ni mai takardar sakandare?

Abu na ƙarshe. Da na tambaye ki ko sabon zanen ya isa hannun mutumin, sai kika ce cajinki ya ƙare. Ni na haife ki. Ki amsa mini a rubuce.

Allah ya tsare.
Mahaifiyarki.

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da gwiwar ta yi sauƙi. A ce wa Gwaggo ina nan tafe.

Cajin bai ƙare ba, Mama.

Ga yadda abin yake. Bayan ambaliyar bara, ofishin zane ya sake aunawa ya ga ruwan rafin yana hawa fiye da yadda aka zata, sai suka ƙara wa ginshiƙan santimita sittin. Suka aiko mini da sabon zanen don in miƙa wa ɗan kwangila, da 'yar takarda maƙale a jiki inda zai sa hannu cewa ya karɓa. Ranar ina saurin zuwa wani taro, na tura shi cikin durowa, washegari na ɗora fayil a kai. Shi ke nan. Aka zuba kankare a kan tsohon zane, ni kuma ina tsaye da hular kwano ina cewa madalla.

Da Darakta ya zo ya auna, littafin ofis ya nuna an fitar da sabon zane, sai kowa ya ɗauka ya isa. Ɗan kwangila ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Darakta ya ce masa maƙaryaci a gaban leburori. Ni a lokacin wallahi na zaci na ba shi. Sai bayan kwana uku ina neman abin huda takarda na gan shi a kwance, takardar sa hannun fara tas.

Babu wanda ya sani sai ke. Ɗan kwangilan ma ya fara zargin ofishinsa, har ya sallami magatakardansa, wani dattijo mai tabarau, wai shi ya ɓatar. Idan na fito da zanen, ina tsoron a cire ni, ga shi aikina na farko ke nan da aka ba ni ni kaɗai, kuma akwai waɗanda tun farko suka ce mace ba za ta iya gada ba. Idan na yi shiru, lauyanmu ya ce shari'ar tamu ce.

An sa zaman sulhun ranar Alhamis ta sama, amma Darakta ya ce cika sharaɗi ne kawai. Kada ki gaya wa Yaya, don Allah.

'Yarki,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na biyun a tsaye.

Mantuwa ba ta ba ni haushi ba. Na taɓa buga sunan alƙali a wurin sunan wanda ake tuhuma, na je da ƙafata na faɗa, aka yi mini wankin babban bargo, ban mutu ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne kwanakin da kika yi bayan kin buɗe durowar. Kina cin abinci, kina sallah, kina sa turare kina zuwa ofis, alhali wani dattijo yana zaune a gida an ce masa ya ɓatar da takarda. Magatakarda irina. Kin san abin da ake nufi idan an ce wa magatakarda ya ɓatar da takarda? Ba shi da wani abin tinƙaho a duniya da ya wuce a ce abin da aka ba shi yana nan.

Lauyanku ya ce shari'ar taku ce. To, ya gaya miki a wace shekara? Ya gaya miki ta ina 'yan makarantar ƙetaren rafi za su bi idan ruwa ya sauko? Ke da bakinki kika ce mini bara sun yi wata biyu ba su shiga aji ba. Ba don a ci shari'a aka ɗauke ki aiki ba. Gada aka ce ki yi.

Masu cewa mace ba za ta iya ba, ki bar su da bakinsu. Idan kika ɓoye zanen nan, kin ba su gaskiya ko da ba su taɓa sani ba.

Ki koma sashe na ashirin, sakin layi na uku. Abin da aka faɗa a gaban mai sulhu ba a ɗaukarsa a kai kotu. An rubuta haka ne don mutum ya iya buɗe baki ya ce ni na yi. Wurin da aka tanadar miki ke nan. Ki fara gaya wa Daraktanku ranar Laraba, kada ya ji a bainar jama'a, shugabanki ne. Ranar Alhamis ki sa zanen a jaka tare da takardar da ba a sa wa hannu ba. Kada ki yi kuka. Kada ki ce taro ne ya ja. Ki faɗi rana da abin da ya faru, ki yi shiru.

Na maƙala 'yar takarda a jikin wannan wasiƙa. Ki sa hannu cewa ta iso gare ki, ki ba direban da ya kawo ya dawo mini da ita. Tunda abin ya zama haka.

Ban gaya wa Yayanki ba. Ke za ki gaya masa.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ga takardarki na sa hannu, har da kwanan wata.

Na gaya wa Darakta ranar Laraba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce, "Kin san abin da kika jawo mini?" Na ce na sani. Ya ce in fita. Ban san ko zai bar ni in yi magana a zaman ba.

Mai sulhun wani tsohon injiniya ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Ya ƙi zama a ofis. Ya sa aka jera katako a gindin ginshiƙan, ya ce duk mai son magana ya sa takalmin roba ya sauko. Lauyoyi biyu suka leƙo taɓon, suka dubi takalmansu, suka koma mota.

Baba bai tambayi wa ke da laifi ba. Ya kira shugaban kafintoci ya ce, "Malam, yaushe ruwa yake zuwa nan?"

Ya ce, "Mako bakwai, Baba. In ya yi mana kara, takwas."

Baba ya ce, "To kun ji alƙalin da ba ya ɗage zama. Wa zai fara?"

Ɗan kwangila ya miƙe zai fara rantsuwa. Darakta ya ɗaga masa hannu, ya dube ni ya ce, "Injiniya tana da magana." Na fito da zanen na shimfiɗa a kan katako, na ɗora dutse a kowane gefe. Na faɗi rana da abin da ya faru, na yi shiru kamar yadda kika ce.

Ɗan kwangila ya ɗauki 'yar takardar ya juya ta gaba da baya. Ya ce, "Innalillahi. Na zazzage ofishina har bayan kabad, na kori mutumin da ya yi shekara goma sha tara tare da ni." Sai ya juya ga Darakta: "Ranka ya daɗe, wa ye maƙaryacin yanzu?"

Na ɗauka a nan za a watse. Baba ya ce, "Alhaji, zauna. Me kake so, kotu ko gada?"

Ya ce, "Sunana nake so. A gaban yarana aka zage ni."

Darakta ya tashi, ya sa aka kira leburorin da ke gadin kaya, ya ce a gabansu ya yi kuskure, mutumin nan bai yi ƙarya ba. Mama, ban taɓa zaton zan ga haka ba. Ɗan kwangila ya ce, "To ai shi ke nan, da ka faɗi haka tun farko da ban biya kuɗin jan injina ba," aka fashe da dariya.

Daga nan sai maganar aiki. Da farko ana cewa sai an rushe ginshiƙan. Shugaban kafintoci ya ce a sassaƙe kawunansu a fito da rodi, a ɗaura sabo, a ƙara tsawon. Baba ya ce ba za a zuba ko cokali ɗaya ba sai ofishin zane ya lissafa ya amince, suka amince ranar Litinin. Ma'aikata ta ɗauki nauyin ƙarin ta ƙara wa'adin mako uku, ɗan kwangila kuma ya janye ƙorafin kwanakin da ya zauna. Baba ya ƙara sharaɗi: duk Litinin ni da magatakardan kamfani mu jera zanenmu gefe da gefe mu sa hannu. Magatakardan, eh, an dawo da shi. Na je har gidansa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma daga yau ko gaisuwa zan yi masa sai da kwafi biyu.

An ba ni takardar gargaɗi, tana cikin fayil ɗina. Ba a cire ni daga aikin ba. Injina sun dawo jiya, kuma na gaya wa Yaya.

'Yarki,
Auta.

*

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya, Gwaggonki ta yi barci tun daga tasha.

Da muka zo ganin gadar na ga kin yi ta kallona kina jira in ce wani abu. Ba na yabon ɗa a gaban mutane. Amma na tsaya a tsakiyar gadar bayan ruwan safe, na leƙa. Na ga inda ruwan ya kai a jikin ginshiƙan, ya haura layin da sabon kankare ya haɗu da tsoho. Da an bar su yadda suke, da ba a nan na tsaya ba. Sai ga 'yan makaranta sun wuce ta gabana da fararen safa, ko ɗigon taɓo babu. Na ƙirga arba'in da ɗaya, Gwaggonki ta dame ni da surutu na ɓata lissafi.

Wata mata mai ɗauke da itace ta tambaye ni ko baƙuwa ce ni. Na ce mata 'yata ce ta yi gadar nan. Na faɗa da ƙarfi, kuma ban tsaya a ita kaɗai ba.

Hular kwanon ta yi miki yawa, ki sa a ɗaure igiyar. Takardar gargaɗin kuma ki riƙa karanta ta lokaci lokaci, kada ki tura ta durowa. Ki gaishe mini da magatakarda.

Idan kin duba jikin wannan wasiƙa ba za ki ga takardar sa hannu ba. Ba mantawa na yi ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki.