Ashe Ba Zaki Ya Ci Kakata Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina ba ta nemi izinin mai gida ba! Zuwa ga Allurata, ƙarama a ido, mai kaifi a baki, wadda ta ɗinke ni ciki da waje har ba a ganin bakin zare. Amincin Allah ya lulluɓe ki, ke da keken ɗinkinki da duk ƙyallen da ya yi sa'ar ratsa yatsunki.

Na san ki sarai. Yanzu haka kin riƙe takardar nan da yatsu biyu nesa da fuskarki, kina kakkaɓe ta, kina jiran ƙadangaren roba ya faɗo irin wanda kika tsinta a gwangwanin maɓallanki. Kwantar da hankalinki, farin watana. Babu komai a ciki sai ni, ni ɗin ma a durƙushe.

Kin tuna ranar da nake fentin ƙofar shagonku? Ina can saman tsani, shuɗi ya ɗige mini daga goshi har haɓa, kika fito da tef ɗin awo rataye a wuya da fil uku a baki, kika ɗaga kai kika ce, "Malam mai fenti, ƙofar aka ce ka shafa ko kanka?" Wayyo Allah! A ranar na gane cewa mutum yana iya faɗowa daga tsani ƙafarsa ba ta motsa ba. Me zan ce miki, ni da ban ajiye komai ba sai baki? Sai na buga ƙirji na ce ki iya bakinki, jikan jaruma ne a gabanki, kakata a daji ta mutu tana kokawa da zaki. Kika yi dariya har fil ɗin suka zube, kika durƙusa kina tsinta kafaɗarki na rawa. Tun daga ranar ban sake jin wani sauti da ya kai wannan daɗi ba, ko kukan tsuntsayen asuba, ko saukar ruwa a kan kwano bayan dogon zafi.

To abin da ba ki sani ba, tauraruwata, a duk tatsuniyoyin da na shirga miki, wannan ce kaɗai na yarda da ita har zuciyata. Tun ina ƙarami, in aka ambaci mahaifiyar Baba sai manya su rage murya su ce, "Daji ne ya ci ta." Yaro ya ji daji ya ci mutum, me zai kawo a ransa? Ni na ƙara zakin da kaina, don ban ga dalilin da kakata za ta faɗa a bakin dila ba. Da Goggo, ƙanwar Baba, ta rasu aka sake cewa daji, sai na ce kai, matan gidanmu ba sa jin magana, me suke nema a dajin nan haka?

Ga yadda zakin ya mutu. Yayata, wadda kika ɗinka wa doguwar riga mai ruwan ganye ta ce kin matse mata hannu, ta ji wani ƙullutu a nononta. Mijinta yana kan hanya da motar kaya, sai ni aka tasa gaba in raka ta asibiti in riƙe mata jaka. Muka zauna a kan benci a wani dogon zaure mai warin magani, ina kallon bangon ina jin haushin wanda ya yi musu fenti, shafa ɗaya ya yi ya gudu. Aka kira mu wajen likita, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Ta duba Yaya bayan labule, ta dawo ta zauna, ta ce, "Akwai mai kansa a danginku?"

Kin san bakina ba ya neman shawarata. Na ce, "Ranki ya daɗe, gidanmu kowa mai kansa ne, ba mu da bawa ko ɗaya." Yaya ta taka mini ƙafa har sai da na ga taurari da rana tsaka. Likita ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Sannu sarkin zance. Ciwon daji nake nufi."

Daji! Allurata, da kin ga fuskata a lokacin da kin tausaya mini. Kamar an ɗauki allon da na cika da rubutu tun ina yaro an tsoma shi a ruwa, tawadar ta bi ta tsiyaye. Babu zaki, babu kokawa, babu ƙaya babu sarƙaƙiya. Ashe kakata a kan gadonta ta yi jinya, a ɗakin da nake ajiye gwangwanayen fenti yanzu. Na ce, "Likita, akwai. Har biyu." Ta ajiye alƙalami ta gyara zama, ta tambaya su wane ne a wajenmu, a wane sashen jiki ya kama su, kuma suna da shekara nawa. Muka dubi juna ni da Yaya kamar ɗaliban da aka ja wa baƙi a surar da ba su kai ba. Ba mu san komai ba sai kalmar nan guda.

Ta ce mu je mu tambayo, don amsar tana canza yadda za ta duba Yaya da sauran 'yan'uwanmu. Muka nufi wajen Inna Ƙarama, ƙanwar kakar, wadda haƙoranta suka yi ritaya amma ƙwaƙwalwarta na nan garau. Da na ba ta labarin zaki ta yi dariya har ta ƙware, ta ce, "Ja'iri, yayata da ke hawa gado in ta ga ɓera?" Daga nan ta share ido ta faɗa mana komai: dukansu biyun a nono ne, kuma dukansu da sauran ƙuruciyarsu, ba su ga furfurarsu ba. Kakar ta ɓoye nata a ƙarƙashin zane har sai da ɓoyo ya gagara. Goggo ta ga abin da ya sami uwarta, tsoro ya hana ta faɗa wa kowa.

Yanzu ga albishir, kuma ki ba ni tukuici da murmushi ɗaya: na Yaya an kama shi tun yana jariri! An yi aiki an cire, tana karɓar magani, kuma ta warware har ta dawo zagina, wanda shi ne ma'aunin lafiyarta a gidanmu. Likita ta ce ko da ba mu kawo labarin nan ba ma za ta bincika, amma da ta ji shi sai ta ƙara sauri ta ƙara zurfafawa. Ta kuma ce a sanar da ƙannena mata da 'ya'yan Goggo su zo a fara duba su tun da wuri, kada su jira sai sun ji wani abu.

Wa aka ba aikin yawon sanarwa? Ni! Ka aiki maƙaryacin unguwa da gaskiya ka ga ikon Allah. 'Yar Goggo ta fari ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To na ji, fito da ƙadangaren." Ta biyun ta bi ni da muciya. Sai da na koma na ɗauko Yaya a matsayin shaida, ta zauna a tsakar gidansu ta yi musu magana irin ta mata, ni ina waje ina gadin takalma. Yanzu duk sun je, sai guda ɗaya mai taurin kai, ita ma na ce ba zan fasa zuwar mata da sassafe ina rera mata waƙa a ƙofar gida ba sai ta je. Kin san muryata. Ba za ta jure ba.

Saura ke, zumar da ba ta gundura, saura ke. A nan alƙalamin ya yi mini nauyi.

Baffa, wan Baba, ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya ce na tona wa gida asiri, wa zai auri 'ya'yanmu in maganar ta fita? Ya ce aƙalla wajen mutanenku in ja bakina in yi shiru har sai an ɗaura aure, bayan nan komai ya fito ya fito. Ban yi masa musu ba, uba ne, kuma tsoro ne ya sa shi, na gani a idonsa, ƙanwarsa ce fa aka binne. Amma na fito ina tambayar kaina: ni da nake kankare tsohon fenti in toshe tsaga kafin in shafa sabo, yaya zan shafa wa aurena launi mai kyau a kan bangon da na san yana da tsaga? Shirun nan shi ya ci kaka, shi ya ci Goggo. Ba zan ɗauke shi in kai ɗakinki ba.

To ga gaskiyar, tsirararta. Likita ta ce irin wannan yana iya bin jini, ta wajen uba ma yana bi, ba ta wajen uwa kaɗai ba. Ta ce mai yiwuwa ina ɗauke da shi, mai yiwuwa ban ɗauko ba, kuma ko wanda ya ɗauko ba lalle ne ya kamu ba. Ta ce namiji ma ba a bar shi a baya ba, ni ma in riƙa lura da jikina ina zuwa ana dubawa. Ba a ɗaukarsa a kofi ko a gaisuwa ko a zaman ɗaki ɗaya. Amma in Allah ya ba mu 'ya'ya mata, masu idonki, da fatan ba masu bakina ba, to wata rana sai mun zaunar da su mun faɗa musu sunan abin da inda ya bi, mu kai su a duba su tun kafin sa'o'insu su fara tunanin haka. Ajali na hannun Allah, na sani, na karanta, an kuma dake ni a kai. Amma Malam da ya koya mana haka shi ya koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Ke ma, hasken safiyata, ki zauna kusa da kakarki tun tana da bakin faɗa, ki matsa mata ƙafa, ki tambaye ta me ya ci wane, me ya ci wance. In an ce miki "ciwon ciki" ko "kwana ya ƙare," ki ƙara tambaya a hankali. Ba don in auna ki ba! Ko me kika tono, ni na riga na saya ba tayi. Don dai mu san abin da za mu faɗa wa likita ne, kada in sake amsa mata da zancen bawa.

Shin ina tsoro? Wallahi ina tsoro, fiye da ranar da tsani ya karye da ni a bene. Ina tsoron ki karanta ki yi shiru. Ina tsoron Ummanki ta ce a nemo miki gidan da babu wannan labari, kuma ba zan ga laifinta ba. Idan na rasa ki, wace inuwa zan shiga? Wane ruwa zai kashe mini ƙishi? Wa zai kalle ni ya ce ƙarya nake tun ban buɗe baki ba? Sai dai gara ki bar ni kina sane da ki zauna da ni a makance. Haƙƙinki ne, ba alfarma nake miki ba.

Kada ki yarda da ni, na san ban tara wannan jarin ba. Ki je wajen Yaya, tana jiranki, ta ce ki zo da tambayoyinki duka. Ni kuma jibi bayan la'asar zan wanke hannuna da kananzir har ƙarƙashin farce, in sa rigar da ba ta taɓa ganin fenti ba, in zo in durƙusa gaban Abbanki in faɗa masa duk abin da na faɗa miki, da bakina, kafin ya ji a bakin wani. Na yi wa kaina alkawarin ba zan saki wasa ko ɗaya ba, ki taya ni da addu'a, don ban taɓa gwadawa ba. Ki tsaya bayan labule ki saurara. In kin ji muryata tana rawa, ba kwaikwayo ba ne. Abin da kika yanke bayan nan, ki faɗa mini ido da ido, zan tsaya in ji shi a tsaye.

Naki ne ni in kin ce e, naki ne ni in kin ce a ba ki lokaci, kuma in kin ce a'a zuciyar nan ba ta iya komawa inda ta fito ba, sai dai ta zauna a ƙofarki tana yi miki fatan alheri har ranar da za a naɗe ƙasa.

Mai ƙaunarki da gaske,
Mai fentinki.