Ajin Turanci na Zogbeli

Zogbeli, Tamale
Satumba, 1957

Zuwa ga matata Sanatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya nauyin jiki, yaya su Inna da mutanen Salaga? Allah ya sauke ki lafiya.

Ajin manyan da nake koya wa Turanci bayan la'asar ya cika, har wasu na zama a ƙasa. Mun shiga wakilin suna. Gariba tela ya yi ta dariya da ya ji Bature ba ya raba kai da ke da ku, duka "you" ne.

Sai dai akwai wani sabo, Sayibu, mai zama a baya. Ba ya rubutu, kuma na lura Turancinsa ya fi nawa. Da na ba da misalin "we" da "they", na ce mu muna fataucin goro, su suna noma, ya tambaye ni su wane ne "su". Na ce misali ne kawai. Ya daɗe yana kallona.

Ni ne mijinki,
Buraima

Zogbeli, Tamale
Oktoba, 1957

Sanatu,

Ina gaishe ki, ina fatan ƙafafun sun daina kumburi.

Makon jiya muka yi wakilin suna na mallaka, "mine" da "ours". Gariba ya tashi ya haɗa jimla, ya ce ƙasar nan tamu ce yanzu, tunda Bature ya miƙa mulki. Aka tafa masa. Sayibu bai tafa ba. Bayan an tashi ya bi mu ɗaya-ɗaya yana tambayar inda aka haifi iyayenmu. Na gaya masa gaskiya, Baba daga Katsina ya zo.

Ranar Talata hukuma ta sa Gariba a mota zuwa iyakar ƙasa, wai baƙo ne mai tada fitina. Kekensa na ɗinki na nan a rumfa, da rigar wani a kai. A unguwar Bulpiela nan Tamale aka haife shi, Sanatu, tare muka yi allo.

Yau darasin na tambaya ne, "who" da "whose", amma mutum uku suka zo. Maƙwabta sun ce wasu sun zo da mota suna neman gidan malamin Turanci. Kowa ya ƙi faɗa mini ko su wane ne.

Kada ki dawo bayan arba'in sai kin ga rubutuna. In namiji ne, a sa masa sunan Baba. Ki roƙi liman ya tara shaidu ranar suna, su riƙe cewa a Salaga aka haife shi.

Mijinki,
Buraima