Jan Haƙoran Innarmu

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya, ko kuka ba na iyawa.

Ina aure a Gusau, mahaifiyata tana Bungudu, muna ce mata Inna. Tun tasowata ban taɓa ganin haƙorinta fari ba, irin matan dā ce masu cin fure da goro, ta goga furen taba a haƙori har ya yi jawur. Babanmu ne ke kawo mata furen duk sanda ya je cin kasuwa Tsafe, ko da wannan kaɗai zai shigo da shi. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu aike take bayarwa a sayo mata.

Da ƙaramar Sallah na lura ta tura naman kwanonta gefe, tuwon ma gefe ɗaya take taunawa, ga wani wari in ta matso. Na tambaye ta, ta ce tsufa ne. Da na dawo Gusau na shiga kemis na sayi man goge baki mai kashe ƙwayoyin cuta, da buroshi mai laushi, na aika mata. In na kira waya ta ce ai kullum tana amfani da shi, Allah ya yi mini albarka.

Ashe buroshin ba ta ko fasa ledarsa ba. Ta ɗauki man a matsayin magani, ta lakato da yatsa ta shafa a dasashi kamar man zafi, ta ɗan jima ta kurkure, sannan ta bi da fure.

Da ƙyar na lallaɓo ta asibiti. Likitan haƙori ya duba, ya ce dasashinta ya daɗe yana jini, jan furen ne ya ɓoye shi, ko ta tofar ba mai ganewa. Ya ce man yana rage ƙwayoyin cuta da kumburi, amma sai an haɗa da gogewa, don dauɗar da ke manne a gindin haƙori buroshi ne ke ture ta tun tana da laushi. Tata kuwa ta riga ta daskare ta zama kamar dutse, ba man da zai cire ta sai an kankare da inji. Haƙoranta na gaba na ƙasa sun fara girgiɗi, in aka bari za su zube. Inna ta tambaye shi ko kankarewar za ta tafi da jan. Ya ce eh, kuma gara ta bar furen. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Na bi ta, na mayar da ita Bungudu. A gida na yi mata faɗa, na ce launi ne fa kawai, wa zai gani. Yayana da ke Tsafe ya kira ya ce in ƙyale tsohuwa, ni ce mai son asibiti. Ban ma ji haushinsa ba, wallahi ban ji komai ba.

Da zan tafi ta rako ni zaure, ta ce, "Ɗiyata, jan nan ba na jiya ba ne. Har da furen da ubanki ya kawo da hannunai yana ciki. Su zube da shi ya fiye mini."

Yanzu ta yarda tana goga buroshin a hankali, warin ya ɗan ragu, amma haƙoran suna nan suna motsi. Na san in na kafe na yi mata kuka za ta bi ni, ba ta taɓa iya ganin hawayena ba. To in ja ta a kankare, ta ci gaba da tauna abinci, ko in bar mata abin da ya rage mata na Baba? Ku da kuke da iyaye a raye, ya za ku yi?