Madubin Ƙeya Zai Shiga Ɗakin Haihuwa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata. Uwar ɗiyata, uwar baƙon da ke tafe, mai fushin da ya fi murmushin wasu kyau. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi wanda ya san laifinsa. Ya nauyin jiki? Ya kumburin ƙafa? Allah Ya raba lafiya, Ya sauke ki cikin sauƙi.

Yau kwana tara ke nan da kika tattara kayanki kika koma gidan Yaya, babbar 'yar'uwarki, kwana tara kuma ina aski kamar wanda aka ɗaure wa ido. Shekaranjiya saura ƙiris in kwashe wa wani bawan Allah gira. Na tura saƙon waya har yatsana ya gaji, kina buɗewa kina yin shiru. To, na dawo ga takarda da biro, inda muka faro, don na san halinki: ko kin ƙi kallon fuskata, ba kya iya barin rubutu ba ki karanta ba.

Kin tuna ranar da kika kawo Baba shagona, lokacin da ƙafarsa ta ƙi? Kika zaunar da shi a kujerar aski, kika koma bencin jira kika naɗe hannu. Shi ne ya gaya mini ba kya ji, tun da sanƙarau ya kama ki kina 'yar shekara tara. Sai na saki baki. Na juya miki baya na ce wa Dogo, abokin aikina, "Wallahi in wannan ba matar wani ba ce, tawa ce." Ashe laɓɓana kike karantawa a babban madubin bango! Da za ku tafi kika yagi gefen jarida kika rubuta mini: "Ka fara gyara wa Babana ƙeya tukuna, ta karkace." Wayyo ni! Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. A ranar na san idonki ya fi kunnen mutum goma, a ranar kuma na kamu, kamun da ban nemi magani ba har yau.

Ni da na san haka fiye da kowa, ni ne na manta da shi a ranar da bai kamata ba. Bari in rubuta shi da hannuna, ki ga ban ɓoye wa kaina ba.

Ranar da kika haifi ɗiyarmu Sarkin Surutu, shekara huɗu ke nan, ina tsaye a barandar asibiti na ji kukanta ta bayan ƙofa. Na yi hamdala, na zaro waya, na kira Inna mahaifiyata, na kira Baba, na kira Dogo, har mai shagon kusa da mu sai da ya sha albishir. Ke kuwa kina ciki a kwance. Kowa da takunkumi a baki, ba leɓen da za ki karanta. Zane ya tare tsakaninki da ƙafafunki. Kin ga an naɗe abu a tawul an fita da shi da sauri, don a share mata hanci a ɗakin gefe, ba wanda ya juyo ya dube ki, duk sun duƙufa tsayar da jinin da ya ɓalle miki. Rabin awa kina kallon fankar silin kina yi wa 'yarki addu'ar da ake yi wa wanda ya tafi. Duk duniya ta san tana da rai, ban da uwar da ta haife ta. Ina mijinki a lokacin? Yana waje yana washe baki.

Shi ya sa da cikin nan ya tsufa kika zaunar da ni, kika faɗa mini da hannuwanki, a hankali yadda ba zan ce ban gane ba: "Ba zan sake kwanciya ina kallon fanka ana yi mini haihuwa ba. Ina son madubi. Ina son in ga fitowarsa da idona." Ni kuma, sarkin wauta, na ƙyalƙyale da dariya. Na ce, "Madubi a ɗakin haihuwa? Kwalliya za ki yi wa jaririn?" Inna ta ɗora da cewa, "Mu da muka haifi tara wane madubi muka duba? Mace da kunya aka san ta." Na gyaɗa kai, kina kallona. Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Kika ce in haka ne a ɗakin Yaya za ki haihu, inda za a dubi fuskarki a yi miki magana, asibiti kuwa sun gan ki ke nan.

Farin cikina, nan ne tsorona yake, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Likita ya faɗa a gabanmu, ya kuma rubuta miki a kati: jinin da kika zubar wancan karon ba na wasa ba ne, wannan haihuwar sai a inda akwai jini a ajiye da hannun da ya san aiki. Yaya tana son ki kamar ranta, amma so ba ya tsayar da jini. In wani abu ya same ki a ɗakin nan saboda dariyar da na yi, ina zan sa kaina? Me zan ce wa yarinyar da ke tambayata kullum, da baki da hannu a lokaci guda, yaushe Mama za ta dawo?

Sai na daina tura saƙo na tashi tsaye. Ranar Litinin na rufe shago na tafi asibiti, na zauna a layin masu awo, ni kaɗai namiji a tsakiyar masu ciki, suna ta ƙunshe dariya. Na samu babbar ungozoma, wata gajeriyar dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wata nawa ne naka?" Na haɗiye kunya na kwashe labari na gaya mata, ban rage komai ba, har da nawa laifin. Ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, shekarata ashirin da shida ina karɓar haihuwa. Kullum da kukan jariri nake sanar da uwa, ban taɓa tunanin wadda kukan ba ya isa gare ta ba. Kawo madubin. Wasu wuraren ma suna yi, mace in ta hango kan ɗanta ƙarfi yake zo mata."

Amma fa da sharaɗi. Ta ce kada ya zama mai kaifin baki, kuma ya zama wanda za a goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Namiji ba ya shiga, don ba ke kaɗai ba ce a ɗakin. Babbar matsalar, ba ta da hannun da za ta ware ya tsaya riƙon madubi. Na ce wannan kuma ta bar wa mai aski.

Kin san madubin ƙeya, mai zagayen baƙar roba, wanda nake ɗaga wa mutum a bayan kai in na gama? Shekara goma sha ɗaya aikinsa ke nan, nuna wa mutum inda idonsa ba ya kaiwa a jikinsa. Na cire kan tsohuwar fankarmu ta tsaye, na kai sandar wurin mai walda ya yi mata wuya mai lanƙwasa, na ɗaura madubin a kai. Saura sanin tsayi da karkata. Da rana ta yi tsaka, shago ba kowa, na kwanta a bencin jira, na tara tawul a bayana, na ɗaga gwiwoyi, na sa ƙwallon Sarkin Surutu a tsakani, Dogo yana matsar da sanda ina cewa sama kaɗan, hagu kaɗan. Muna cikin haka tsohon hedimasta ya ɗaga labule ya shigo. Ya tsaya cak ya ce, "Subhanallahi! Sabon salon aski ne?" Dogon banza ko murmushi bai yi ba ya ce, "Naƙuda yake, Malam, ɗan jira kaɗan." Yanzu duk layinmu Mai Jego suke kirana, kuma na amsa.

Ki yi dariya, halal ɗinki ce. Amma ga abin da ban gaya wa Dogo ba. Da suka fita na toshe kunnuwana da auduga, na ture madubin gefe, na koma na kwanta ina kallon silin. Ban ga ƙafafuna ba. Ban san wa ya shigo ba, ban san wa ya fita ba. Ni da ba ciwon da nake ji, ni da na san ƙwallo ce, minti biyar ban cika ba na tashi zumbur. Ke kika yi rabin awa a haka, jini na zuba, kina zaton kin rasa 'ya! Ya aka yi kika ɗauki wannan shekara huɗu kina dafa mini abinci kina yi mini murmushi? Na zauna a bencin nan na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro. Ki yafe mini, ya ke wadda ta fi ni haƙuri, ta fi ni hankali, ta fi ni komai ban da iya aski.

Na koma wurin ungozoma jiya da sandar a kafaɗa. Ta gwada a gefen gadon da kanta, na sa jan fenti a daidai inda za a ɗaure. Na koya mata alamu uku da hannu: yunƙura, dakata, lafiya lau. Yatsunta sun yi tauri kamar nawa a farkon aurenmu, amma ta nace har ta iya, ta kuma tara 'yan aikinta ta ce kowa ya koya. Ta yarda Yaya ta tsaya a wajen kanki. Ba zan yi miki ƙarya ba, ta ce in abu ya rikice za ta kawar da madubin don ta samu wurin aiki. Amma ta yi alkawari, ko me ake ciki, za ta sauke takunkumi ta kawo fuskarta gaban taki ta gaya miki. Inna ma na je na same ta. Ta yi ta faɗa, ta gaji, daga baya ta ce, "To Allah Ya sa a gani da alheri." Kin san a bakin Inna wannan sa hannu ne.

Ki rufe ido ki hango, tauraruwata. Kina jingine, Yaya na share miki gumi, ga madubi a gabanki. Sai ki ga wani ɗan duhu ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa: suma ce, baƙa, jiƙaƙƙiya! Don Allah ki duba mini ita da kyau, sana'ata ce. Sai goshi, sai fuska a murtuke kamar ta Baba in an taɓa masa rediyo, sai kafaɗa. Sai ki ga ƙirji ya ɗaga, baki ya wage, 'yan hannuwa suna dukan iska. Wannan shi ne kukan, masoyiyata, haka kamanninsa suke. Ba mai ba ki labarinsa, ke za ki gan shi tun kafin ya isa kunnen kowa a baranda.

Ga madubin nan da sandarsa na ba mijin Yaya ya kawo miki tare da wannan takarda. Ki gwada da kanki, na san ba kya yarda da ɗinkin da ba ki sa a jiki ba. In bai yi ba ki faɗa, in sake kwanciya a benci ko sau goma ne. Awonki na ƙarshe ranar Alhamis ne da ƙarfe tara na safe, ungozoma tana jiran ta gan ki. Zan zo ƙofar gidan Yaya tun takwas in tsaya. In kin ga dama ki hau mota ba ki dube ni ba, ki ci gaba da fushinki har bayan arba'in, na ɗauka. Ki dai zo asibitin. Ki rufa mini asiri ki zo.

Alkawari ɗaya na rage miki. Ranar da abin ya zo, wayata tana hannun Dogo a shago, audugata tana kunnena. Zan zauna a barandar nan ban san komai ba. Ko ma'aikatan asibitin duka sun fito suna yi mini barka, ba zan ɗaga kai ba, ba zan yi hamdala ba, ba wanda zai ji daga bakina, sai an buɗe mini ƙofa na ga hannuwanki sun faɗa. Wannan karon ke za ki yi mini albishir.

Naki ne ni, a fushinki da yardarki, yau da gobe da ranar da hannuna zai kasa riƙe almakashi,

Mijinki mai aski, wanda layi ke kira Mai Jego.