Fitilun Baba Na Ƙarshe Sun Shiga Hoto

Yayana abin ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da Anti da yara, ya ƙara maka ƙarfin jiki a wannan nisan duniya da kake. Mu nan lafiya lau, gwiwar Inna ma ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa.

Bayan haka, maganar hoton da ka roƙa ce. Ka san likita ya hana Baba hawa tsani saboda rawar hannun nan, don haka fitilun adon da ya jera a gaban gida na hutun bana su ne na ƙarshe, kuma gobe za a sauke su. Ya ce shi dai yana so ka ga aikinsa da idonka. Sai ga kyamarar da ka aiko tana neman kunyata ni. Ranar farko na kunna filasha, hoton ya fito da bango da wayoyi da bokitin wanki, fitilun kuwa kamar ba a kunna ba. Da na kashe filashar, suka koma zare-zare kamar taliya. Baba ya duba, ya ce ba komai, amma na ga ransa ya sosu.

Hausawa sun ce mai nema yana tare da samu. Na sake sauraron saƙon muryar da ka turo kan yadda ake saita kyamarar, a natse. Jiya na fita rana na faɗuwa, tun sama na da sauran shuɗi. Na rage ISO ɗin, wato ƙarfin kama hasken kyamarar, ƙasa sosai don kada hoton ya yi yashi-yashi, na sa idon kyamarar ya daɗe a buɗe, na kuma saita ta ta ɗauka da kanta don kada yatsana ya girgiza ta. Da yake ba mu da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, teburin guga na fitar bakin titi, maƙwabta suna ta dariya wai na buɗe shagon wanki.

Saura matsala ɗaya. Na gaya wa Baba sai ya tsaya cak na ɗan lokaci, hannun nan kuwa ya ƙi, kullum sai ya fito dishi-dishi. Har ya ce a ɗauki fitilun kawai, ya fara matsawa gefe. Inna ta taso daga kujera tana mitar an hana ta cin abinci, ta kama hannun ta riƙe gam. Yaya, kowane ƙwan fitila ya fito tar, hannun ma haka. Ni tunda nake ban taɓa ganinsu riƙe da hannun juna ba, kuma na yi farin ciki har da ƙwalla. Baba ya ce a wanke masa babba, Inna ta ce ita dai kada a nuna wa baƙi.

Ka gaida Anti da yara. Goggo da Kawu da Auta suna gaishe ka. Hoton na cikin ambulan, ka fara duba hannun kafin fitilun.

Taka ƙanwa,
Mai teburin guga